Man basir ɗin da na saya a Tudun Wada

Bayan haihuwar autana basir ya sako ni gaba, sai na shiga wani kemis a Tudun Wada na sayi man shafawa mai kashe zafi. Gaskiya daren farko ya yi aiki, cikin 'yan mintuna wurin ya mutu, na samu barci.

Kwana biyu bayan nan ƙaiƙayi ya taso, fatar ta yi ja jawur, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa, har yatsan da nake shafawa da shi bai tsira ba. Ni kuwa na ɗauka basir ɗin ne ya ƙaru, na yi ta ƙara man. Zama ma ya gagare ni.

Likitan fata ya juya kwalin ya nuna min sunan benzocaine, sinadarin da ke kashe zafi a cikin man. Ya ce jikin wasu ba ya karɓarsa, kuma alamar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, shi ya sa ban zarge shi ba. Ya tambaye ni, “Hajiya, baƙin lalle yana taɓa ki?” Wallahi dayis ɗin bikin ƙanwata sai da ya kumbura min hannu. Ashe sinadarin PPD da ke cikinsa dangin benzocaine ne. An liƙa min filastar gwaji a gadon bayana ta kwana 2, gwajin ya tabbatar jikina ba ya karɓar benzocaine.

Man yana kashe zafi, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma mai kemis bai tambaye ni komai ba, rubutun kwalin kuma ƙanana ne sai da tabarau. Ni dai na bar shi har abada, yanzu ko maganin ciwon haƙori na shafawa sai na karanta bayansa na ga ko akwai benzocaine.