Sharhi kan gyaran injin kwale-kwale mai mutuwa a silo, a bakin ruwan Yauri

Duk mai injin da ke gudu lafiya a tsakiyar ruwa amma ya mutu da zarar an sassauta totur, ina ba shi shawarar ya nemi makaniken da zai kwance kafireto, wato inda mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji, kada ya yarda da wanda zai murɗa sukurun silo, mai saita gudun inji in an saki totur, ya karɓi kuɗi. Na gwada duka biyun a kan injina, mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda nake jigilar mutane da buhunan hatsi da shi a Kogin Kwara.

Wanda bai san ruwa ba zai ɗauka ƙaramar matsala ce, tunda injin yana tashi. To ai lokacin da ake sassauta totur shi ne lokacin tunkarar gaɓa, jirage na shiga da fita, ruwa kuma yana jan ka. Inji ya mutu a nan, ba ka da giyar baya, kwale-kwale kuwa ba shi da birki. Sai gora da filafili da salati.

Na farkon da na kai wa bai ɓata lokaci ba. Ya ƙara silo, inji ya daina mutuwa. Sai dai duk sanda na sa giya sai in ji ƙas, jirgi ya zabura, fasinja su yi baya. Wannan ƙarar haƙoran giya ne ke dukan juna, kuma gyaran gindin inji ya fi wankin kafireto tsada nesa ba kusa ba.

Na biyun dattijo ne da ke aiki a wata rumfa kusa da inda ake sauke kaya. Abin da ya fara burge ni, bai taɓa inji ba sai da ya duba tanki. Ya kwance ɗan sukurun iska na murfi, domin in yana rufe, tanki ba ya shaƙar iska, mai sai ya daina tafiya. Ya matsa robar famfo ya ji ko tana tauri, ya bi tiyo da hannu yana neman tsagewa. Daga nan ya tsiyayi mai daga ƙasan tanki a kwalba ya ajiye. Jim kaɗan sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, fetur a sama, da wani datti ja-ja.

"Maigida, ina kake sayen mai?" in ji shi.

Na ce, "Baba, inda kowa ke saye."

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ke neman inda zai samu sauƙi, mu kuwa na bakin ruwa galibi a jarka mai ke iso mana, ya bi ta hannu da yawa kafin ya shiga tanki. Ga raɓa da ke taruwa a tankin da ya kwana rabi.

Bayanin da ya yi mini kan kafireto shi ne abin da na fi ƙaruwa da shi. Hanyoyin mai biyu ne a ciki. Akwai babban jet, mai aiki in an buɗe totur, akwai kuma ƙaramin jet na silo, wanda ramin sa bai wuce tsinin allura ba. Ɗan datti kaɗan ya ishe shi toshewa, babban kuwa ko a jikinsa. Shi ya sa inji ke ruri a tsakiyar ruwa, ya zo gaɓa ya shaƙe. Ya ma nuna mini gwaji mai sauƙi: in ka ɗan ja cok inji ya daidaita, to mai ne ba ya isarsa. Nawa ya daidaita nan take. Ya cire jet ɗin, ya fesa masa maganin wanki, ya hura iska, ya ɗaga shi a rana har haske ya ratsa. Bai soka masa waya ba, ya ce waya tana faɗaɗa rami, daga nan inji ya koma shan mai.

Fulogi kuwa sun yi baƙi ƙirin, sun jiƙe. Da yawa cikinmu muna zuba baƙin mai da ido, da tunanin yawansa kariya ce. A irin injina awon shi ne kashi 1 cikin 50, wato rabin lita a tankin lita 25, kuma na 2T, ba na mota ba. Ya canza fulogi, ya ɗaura mini matacin mai irin mai kofi a ƙasa wanda ke raba ruwa da fetur. Wannan mataci ya biya kuɗinsa: da safe ina leƙa kofin, in na ga ruwa in zubar.

Sai da ya sa muka shiga ruwa, inji ya ɗumama, sannan ya saita silo yana sa giya yana cirewa. A cewarsa saitin da aka yi a kan tudu ƙarya ne, don farfela ba ta ɗauke da nauyi.

Inda ya gaza: ba shi da na'urar auna gudun inji, da kunne yake saiti, kuma gaskit ɗin kafireto da hannu ya yanka daga takarda saboda babu sabo a rumfar. Gaskit ɗin ya ɗan yi zufar mai har sai da na sa aka kawo mini na asali daga Kwantagora. Ga jira, ranar kasuwa kada ma ka je. Kuɗinsa ma ya ninka na makaniken farko.

Duk da haka can zan koma. Yanzu ina shiga gaɓa da jirgi cike, a silo, giya na shiga ba ƙara. Dattijon ya ce ƙarfin matsin silinda ɗaya ya fara raguwa, zobban fistin za su nemi canji, na bar wannan sai bayan kaka in kuɗi sun shigo.