Sabon inji ta intanet ko mataccen kan jirgi: amsa ga mai Tri-ang ɗin Baba

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ƙaramin jirgin ƙasan wasa mai lantarki, ƙirar kamfanin Tri-ang, da ka gada daga Baba yana kuka ba tafiya, kana tambaya ko ka saya masa sabon inji ko ka nemi matacce. Tsakanin sabon ƙaramin inji na intanet da wani mataccen kan jirgi irin naka da za ka ciri kaya a jikinsa, ka nemi mataccen. Allah ya jiƙan Baba da ya bar maka shi.

Kawunan jirgin Tri-ang da yawa da aka ƙera a Margate ta Ingila daga shekarun 1950 zuwa na 1970 inji iri ɗaya ne a cikinsu, X.04, mai aiki da wutar batir ta bolt 12. Saboda haka ko wanda jikinsa ya farfashe, bututun hayaƙinsa ya karye, cikinsa dukiya ne a wurinka: kabon guda biyu masu kai wa injin wuta, sifirin ɗin da ke danne su, maganaɗisu, giyar da ke bakin sandar inji, ƙafafu, har da ƙananan sukurori waɗanda ba za ka samu irin zarensu a shagunan Terminus na Jos ba. In ƙirarsa ɗaya da naka, komai zai zauna daidai mazauninsa, ba yanka, ba fiƙewa.

Nawa haka na tashe shi. Ya daɗe a kwali yana kuka ba tafiya, irin yadda ka ce naka yake yi. Na samu wani ruɓaɓɓe a hannun mai gwanjo, na ɗauki biyun na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya sa gilashinsa a ido, ya ɗauki tsinken sakace yana fito da baƙin gari daga tsagogin zoben tagullan da kabon ke gogawa. Wannan garin shi ke haɗa wuta, injin ya yi ta zafi ba ƙarfi. Ya goge da sifirit, ya musanya kabon, ya ɗiga man keken ɗinki a bakin allura a gaba da bayan sandar. Da ya taɓa batir mai bolt 9 a ƙafafun, sai ga sandunan gefe suna kai da komowa. Dattijon nan ya yi dariya har da tafi, ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani.

Sabon injin kuwa, ba zan ce ba ya aiki ba. Ba ya ƙara, ba ya cin wuta. Sai dai ba mazauninsa ba ne, dole ka cire tsohuwar giya ka dasa masa, kauri kuma sau da yawa ba ya zuwa ɗaya, ƙarshenta a kama shi da gam. Daga nan ba jirgin Baba ba ne kuma.

Abu ɗaya da zan yarda ka saya sabo shi ne maganaɗisu. Na asalin yana rauni da tsufa, kuma idan aka zare shi daga ƙarfen da ke riƙe da shi sai ƙarfinsa ya ƙara raguwa, don haka kada ka bari a ciro shi haka kawai don a wanke. Idan ya mutu, akwai na zamani, neodiyam, da ake yankawa daidai X.04.

Ka kula da masu sayarwa, don Allah. Wanda ya rubuta cewa bai gwada ba, ka ɗauka ya gwada ya ga ba ya tashi, ka yi ciniki a kan farashin matacce. Ka sa ya cire jikin ya ɗauko maka hoton injin da ƙarƙashinsa, da takarda mai kwanan watan ranar a gefe, domin akwai masu kwaso hotunan wasu suna karɓar kuɗi a WhatsApp su ɓace. Wani kuma zai ce maka ai duk jirgi jirgi ne tunda faɗin dogon milimita 16.5 ne. Ba haka ba ne. Naka OO ne, kashi 1 cikin 76; Märklin na Jamus HO ne, kashi 1 cikin 87, kuma tsofaffinsu da wutar AC suke aiki, ba irin ta batir ba, suna ɗaukarta ta tsakiyar dogo. Kayan cikinsu ba za su shiga naka ba. Ka dubi ƙarfen gindin ma da kyau: in ka ga ya kumbura ko ya tsattsage kamar busasshen taɓo, ya fara cin kansa ke nan, ba shi da magani.

Kada ka kusanto da shi wutar gida kai tsaye, kuma ban da baƙin mai ko giris ɗin mota. Da sanyin Jos da ƙurar hunturu, mai kauri daskarewa yake yi ya riƙe giya. Turo mana hoton lambar da ke ƙarƙashinsa, wadda ta fara da R in akwai, in duba cikin ragowar kayana, ina jin ina da sifirin da kabon da za su yi maka.