Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Kaduna: ana ɗura mana ruwan kala da sunan kulant

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana 9 ke nan motata tana gareji an sauke mata kan inji. Abin da ya kai ta can nake so in faɗa muku, domin na tabbata ba ni kaɗai mai wankin lagireton da ya cuce ni ya taɓa ba.

Motar Corolla ce ƙirar 2005, ta haura kilomita 300,000. Duk mai irin wannan mota ya san yadda gabansa ke faɗuwa idan watan Maris ya doso, zafi na neman digiri 40, ga cunkoson Kawo da yamma. Shi ya sa tun cikin sanyi na ƙudurta zan gyara ɓangaren ruwanta kafin ta nuna mini halinta. Da ma riga-kafi ya fi magani. Ana haka sai na ci karo da talla a Facebook: wai a wanke lagireto, a canja murfi, a zuba kulant, wato ruwan sanyaya inji, ɗan waje, duk a kuɗi ɗaya, cikin awa guda. Na kira lambar, aka yi mini kwatancen wata rumfa a gefen baifas.

Mutumin yana da fara'a, bakinsa kuma ya iya magana. Galan-galan jere a kan benci, jajaye da koraye, kowanne da takarda mai sheƙi an rubuta haɗin rabi da rabi, wato rabi ruwa rabi sinadarin kulant. Ya ce mini, "Yallaɓai, ka je ka yi sallar Azahar a natse, kafin ka dawo mun gama." Na tafi. Da na dawo ya buɗe bonet ya nuna mini ruwa jawur a cikin robar ajiya, ya ƙara da cewa ya cire mini tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, wai "na ƙasar Turawa ne, nan zafi muke da shi." Na biya, har da godiya.

Kusan wata uku ban ga komai ba. Allurar zafi ma ƙasa take kwanciya da safe, ina ta murna. Ranar da abin ya faru ina hanyar Zariya da iyali, mun wuce Jaji kaɗan, sai na ga allura ta miƙe ta doshi ja. Kafin in samu wurin tsayawa tururi ya fara fita ta gefen bonet. Yara a baya, rana tsaka, ruwan da muke da shi na sha ne kawai. Janyo motar aka yi zuwa Kaduna.

Tsohon makanikina, wanda na tsallake saboda araha, shi ya buɗe ta. Da ya kwance tiyon ƙasa, abin da ya zubo ruwan tsatsa ne kamar na kududdufi, da wasu gudaji-gudaji masu kama da dusa. Ya ɗibo da yatsa ya murza, ya ce, "Malam, wannan ai ruwa ne da kala. Ga hodar toshe yoyo kuma an ambaɗa mata, ta cushe rabin lagireton." Murfin da aka ce sabo ne, da ya danna sifirin ɗinsa da babban yatsa sai ya lotsa ba wani ƙarfi. Gaskit ya ƙone, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, kan injin da yake na alminiyam ne sai an kai an goge shi.

Ku fahimci dalilin da ya sa wannan cutar ba ƙarama ba ce. Kulant na gaskiya ba kalar ce ke aiki a cikinsa ba. Akwai sinadarin gilaikol da ke ɗaga ma'aunin tafasa, akwai kuma maganin da ke hana tsatsa cin famfon ruwa da hanyoyin cikin inji. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, a Kaduna ma da muke kan tudu bai kai haka ba. Murfin lagireto mai kyau kuwa, irin mai lamba 1.1, yana riƙe matsi har ruwan ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. To idan aka haɗa maka ruwan famfo da mataccen murfi, ruwan zai riƙa tafasa yana guduwa kaɗan-kaɗan ba ka sani ba, har ranar da ka hau doguwar hanya.

Maganar tamostat ita ta fi yi mini ciwo, don na yarda da ita da zuciya ɗaya. A Toyota irin tawa yana buɗewa ne wajen digiri 82. Aikinsa ya sa inji ya yi ɗumi da wuri, ya kuma zauna a zafin da aka ƙera shi a kai. Idan an cire shi, mota za ta daɗe a sanyaye da safe, ta ƙara shan mai, allura kuma ta kwanta ƙasa ta ba ka kwanciyar hankali na banza alhali matsalar tana nan. Nawa lafiyarsa lau, kuma ba a ba ni shi ba. Allah kaɗai ya san motar da aka sayar wa.

Akwai ragowar galan da mutumin ya ba ni a matsayin kyauta. Makanikina ya ce in gwada shi. Na zuba kaɗan a robar lemo, na kai wa maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara ta saka a firiza, na haɗa da wata robar mai kulant na gaskiya da na saya a rufe. Washegari ta farkon ta daskare ƙam, jan dutse sosai, ta biyun tana nan ruwa. Haɗin rabi da rabi ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, firizar gida kuwa ba ta kaiwa can. Wannan gwaji kowa zai iya yi. Amma don Allah a rubuta a jikin robar a kuma kauda ta daga yara, domin kulant yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne mai kisa. Kada wani ya ce zai ɗanɗana don ya gane na gaske.

Da na duba galan ɗin da kyau sai na ga zoben murfinsa a yanke yake, an liƙe da gam. Tsofaffin galan ake tarawa a sake cikawa. Saboda haka idan za a yi maka wannan aiki, ka sayi kulant ɗinka da kanka, a ɓalle hatimin a gabanka, ka tsaya har a gama. Duk abin da aka cire, murfi ne ko tiyo ko tamostat, a miƙo maka a hannu. Wanda ya ce ka je ka dawo, ko ya fara maganar jona fanka kai tsaye da zuba hoda, ka rufe bonet ɗinka ka yi gaba. Mota mai shekaru irin tawa abin da take buƙata sananne ne: a matsa tiyoyi a ji ko sun yi laushi ko sun ƙage, a duba bakin robar lagireto ko ya fara tsagewa, a leƙa ƙarƙashin famfon ruwa ko akwai sawun yoyo. Idan kuma ta yi zafi a hanya, kashe ta, kada ka taɓa murfin sai ta huce sosai.

Na koma rumfar ranar Asabar. Benci na nan, galan babu, masu faci da ke kusa sun ce ya tashi tun kafin azumi. Lambarsa a kashe. Tallar kuwa jiya da dare na sake ganinta da wata sabuwar lamba, hotunan galan ɗin dai su ne. Na adana hotunan da ragowar ruwan, ranar Litinin in Allah ya yarda zan kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Duk wanda aka yi wa irin wannan aiki a 'yan watannin nan, ya ɗebi ruwan motarsa da safe kafin ya tayar da ita, ya kai firiza yau.