Tashar Court TV: idon kyamara a zauren kotun Amurka

Court TV tasha ce ta Amurka wadda babban aikinta shi ne kafa kyamara a cikin kotu ta haska zaman shari'a kai tsaye. Ɗan jarida Steven Brill ne ya kafa ta a 1991, aka sauya mata suna zuwa truTV a 2008, sannan kamfanin Scripps ya farfaɗo da ita da sunanta na asali a 2019. Ana iya kallon shari'o'inta a YouTube ba tare da biyan kuɗi ba, illa datar da za ta cinye, kuma tana cin data ba kaɗan ba, domin zama ɗaya yakan ɗauki yini guda. Kotun da ta zauna da ƙarfe 9 na safe a gabashin Amurka, mai kallo a Kano ko Maraɗi zai same ta da ƙarfe 2 ko 3 na rana.

Inda tashar ta fi amfani shi ne lokacin da ta yi shiru ta bar kotu ta yi magana. Shari'ar Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa har ya mutu a birnin Minneapolis a 2020, ita ce hujjata. Alƙali Peter Cahill ya amince da shigar kyamara tun a watan Nuwamban 2020 saboda annobar korona ta hana jama'a cika zauren, kuma Court TV ce ta ɗauki hotunan da sauran kafofi suka yi amfani da su. An gindaya sharuɗɗa: ba a nuna fuskar mutanen da ake zaɓowa daga cikin jama'a su yanke hukunci, kuma shaidun da ke da ƙarancin shekaru muryarsu kawai aka ji. Wanda ya zauna ya saurari likitan huhu Martin Tobin yana bayanin yadda numfashin Floyd ya riƙa raguwa, har yana roƙon masu yanke hukuncin su taɓa wuyansu su ji wurin da yake nufi, sannan ya ga lauyan da ke kare wanda ake tuhuma, Eric Nelson, yana yi masa tambayoyin ƙure, ba ya buƙatar wani ya faɗa masa dalilin da ya sa aka sami Chauvin da laifi ranar 20 ga Afrilun 2021.

A wannan shari'ar ma an ga yadda hayaniyar waje ke kutsawa ciki. Ana tsaka da zaɓen masu yanke hukunci birnin Minneapolis ya sanar da biyan iyalan Floyd diyyar dala miliyan 27, labarin ya karaɗe kafofin yaɗa labarai, har sai da alƙali ya sallami biyu daga cikin waɗanda aka riga aka zaɓa bayan sun amsa cewa labarin ya shafi tunaninsu.

Matsalata da tashar tana farawa ne da zarar alƙali ya ba da hutu. Nan take ake komawa ɗakin shirye-shirye, inda tsofaffin lauyoyi ke tafka muhawara a kan ko wanda ake tuhuma ya yi kuka na gaskiya, ko me sunkuyar da kansa ke nufi. Waɗannan masu sharhi suna tattauna abubuwan da alƙali ya hana gabatarwa a matsayin shaida, saboda haka mai kallo yakan yanke nasa hukuncin bisa abin da kotu ba ta yarda da shi ba, idan kuma hukuncin kotu ya saɓa da nasa sai ya ce an yi rashin adalci. Zaɓen shari'o'in ma abin dubawa ne, domin kisan kai tsakanin ma'aurata da rikicin fitattun mutane sun mamaye jadawalin. Wani ɓangare na wannan ba laifin tashar ba ne, tunda dokar da ta hana ɗaukar hoton shari'ar laifi a kotunan tarayyar Amurka tana nan tun 1946, kotunan jihohi kawai tashar ke iya shiga.

Shari'ar ɓata suna tsakanin ɗan fim Johnny Depp da tsohuwar matarsa Amber Heard a jihar Virginia a 2022 ta nuna iyakar abin da tasha za ta iya riƙewa. Hoton da Court TV ta ɗauka na tsawon makonni shida an yayyanka shi gutsi-gutsi a TikTok, aka mayar da shaidar mace a kan zargin cin zarafi abin barkwanci, alhali ba a killace masu yanke hukuncin ba, kullum gida suke komawa da wayoyinsu. Babu wanda zai iya rantsewa cewa hakan ne ya ba Depp nasara, amma ya kamata a tuna cewa a 2020 ya sha kaye a ƙarar da ya kai jaridar The Sun a Landan, gaban alƙali ɗaya kuma ba tare da kyamara ba. Kotun Ƙolin Amurka kanta ta daɗe tana jan ƙafa a kan batun: ta soke hukuncin da aka yanke wa ɗan kasuwa Billie Sol Estes kan zamba a 1965 saboda kyamarori sun dagula shari'arsa, sai a 1981 ta ce jihohi na da damar ba su izini.

Ga ɗan Najeriya da ya tuna yadda kotun sauraron ƙararrakin zaɓen shugaban ƙasa ta ƙi buƙatar Atiku Abubakar da Peter Obi ta haska zamanta kai tsaye a 2023, ta bari aka nuna ranar hukunci kaɗai, tashar za ta nuna masa abin da aka rasa da kuma abin da alƙalan suka ji tsoro. Ɗaliban shari'a da 'yan jarida masu ɗauko rahoto daga kotu su ne za su fi cin moriyarta, muddin Turancinsu ya kai su bi kalmomin lauyoyi. Shawarata gare su ita ce su zaɓi shari'a ɗaya su bi ta tun daga jawabin buɗewa har zuwa hukunci, su kuma rage sauti duk lokacin da masu sharhi suka karɓi fili.