Gyaran Seiko 5 ɗin da na gada: abin da ya yi daɗi da abin da bai yi ba

Duk wanda zai kai tsohon agogon gado wurin mai gyara, ya fara tambayarsa me zai bari yadda yake, kafin a shiga maganar kuɗi. A kan wannan ne nake yaba wa dattijon da ya tayar min da agogon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, duk da akwai inda aikin nasa bai gamsar da ni ba.

Agogon Seiko 5 ne, irin wanda alhazan da suke dawowa da shi daga Makka, mai nuna ranar mako da Larabci da Turanci. Ya faɗo a kasona ranar rabon gado, an yi masa kuɗin da bai taka kara ya karya ba, don a lokacin ko motsi ba ya yi. Gilashin duk ya karce, sarƙar ta saki, idan ka girgiza shi sai ya yi tafiyar 'yan daƙiƙoƙi ya tsaya.

Samun wanda zai taɓa shi ma aiki ne. Yawancin masu teburin agogo a bakin kasuwa yanzu canjin batir da mariƙi suka iya, kuma ba laifinsu ba ne: tun da kamfanin Seiko ɗin da kansa ya fito da agogon hannu mai batir irin na quartz na farko a 1969, masu inji suke ja da baya. Wani ya ce zai cire injin ya sa min na batir, fuskar tana nan, ba wanda zai gane. Na yi masa godiya na karɓi kayana. A wani lungu cikin kasuwar Sabon Gari ta Kano aka nuna min dattijon nan, da madubinsa maƙale a ido, da gwangwanayen matattun agogai a gabansa.

Kafin ya buɗe, sai ya juya bayan agogon ya karanta min lambobin jiki. Injin 6309 ne, wanda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa wajen 1988. Lambar siriyal kuma ta fara da 9 sannan 3. A tsarin Seiko, ta farko lambar ƙarshe ce ta shekara, ta biyu wata, ke nan Maris na 1979. Ya yi daidai da abin da muka sani a gida, cewa Baba ya sauke farali ne a shekarar da Shagari ya hau mulki. Tun a nan hankalina ya kwanta da mutumin.

Ciwon agogon, a cewarsa, ba karaya ba ce. Man da ke ciki ne ya bushe ya daskare, robar murfin baya ta mutu, gumi ya samu hanya har tsatsa ta fara kama wani sashe. Ya warware injin gaba ɗaya, ya wanke, ya ɗiga sabon mai a kan duwatsun nan 17 da ƙafafun injin suke juyawa a kai. Ya canza sifirin ɗin da ke riƙe ƙarfin agogon, da robobi, da gilashi. Wani ɗan ƙarfe mai yatsu biyu da ke karɓar motsin hannu ya yi wa agogon wani da shi, ya cinye, sai ya ciro na wani mataccen 6309 ya sa. Ya haɗa min tsofaffin kayan da ya cire a 'yar leda, ban ma tambaya ba.

Inda muka ɗan ja da shi kan fuskar ne. Ta dushe, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa ta gefe, kuma wajen ƙarfe bakwai akwai tabo. Na tambaya ko za a iya sabunta ta. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, fuskar nan mahaifinka ya yi shekaru yana duba lokacin salla a kanta. In na fente ta, ka ga agogon wani ka tafi da shi gida." Ya ciro wata Seiko mai fuska shuɗiya shar ya nuna min, irin waɗanda ake sake wa fenti a Indiya a watsa su kasuwannin duniya. Da ya ba ni madubin na duba, rubutun ya yi kauri, ya karkace, alamar 5 ɗin ma ba ta zauna daidai ba. Haka nan ya ƙi kai jikin agogon injin goge ƙarfe, ya ce gugar tana cinye kusurwoyin, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Buroshi da sabulu kawai ya sa ya fitar da dattin da ya taru a sarƙar. Mai neman kuɗi da ya amsa min da to, ya ƙara a lissafi.

Sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Alƙawarin lokaci bai cika ba, an yi ta "dawo jibi" har na daina ƙirgawa, wayarsa kuma ba kullum take shiga ba. Babu rasit, babu wata takarda da ke nuna ka bar kaya a hannunsa. Amana ce kawai, kuma ga abin da ba shi da madadi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka ɗauki hoton gaba da baya da lambobin kafin ka miƙa. Ba shi da na'urar auna bugun agogo, da agogon wayarsa yake gwadawa, shi ya sa saitin ya ɗauki lokaci. Ba shi kuma da abin gwajin ruwa, don haka ko da sabuwar roba, cire shi nake yi in zan yi alwala.

Yadda yake aiki yanzu: yana gaba da kusan rabin minti a yini, sai in daidaita shi ranar Juma'a. Ga inji mai shekara arba'in da ɗoriya, ban ga abin ƙorafi ba. In na ajiye shi yakan kai kusan kwana biyu kafin ya tsaya. Wannan samfurin ba a yi masa wani da hannu, girgiza shi ake yi a hankali ya tashi. Dattijon ya kuma gargaɗe ni kada in canza kwanan wata tsakanin ƙarfe tara na dare da asuba, don a lokacin injin yake kan juya shi da kansa, tilasta shi na iya karya haƙori.

Kuɗin aikin ya fi abin da aka yi wa agogon a rabon gado, ya kuma isa a sayi sabon mai batir mai kyau. Wanda lokaci kawai yake son gani, wannan hanyar ba tasa ba ce. Wanda kuma ke riƙe da Seiko ko Orient ko Rado na mahaifinsa a cikin durowa, zan tura shi wurin dattijon nan, da sharaɗin ba ya sauri. Maƙullin sarƙar nawa har yanzu yana ɗan buɗewa da kansa. Ya ce in ƙyale na zamani, zai nemo min na asali cikin gwangwanayensa.