Discogs: Rumbun Bayanai Nagari, Amma Awon Faifai Sai da Kunne

Shekara biyu ke nan ina amfani da Discogs, tun lokacin da aka raba kayan marigayi mahaifinmu, akwatin fayafayan garmaho ya faɗo a rabona domin babu wanda ya nuna sha'awarsa sai ni. Kevin Lewandowski ne ya kafa wannan dandali na intanet na fayafayan kiɗa a Amurka a shekarar 2000, kuma aikinsa ya kasu gida biyu: rumbun bayanai wanda masu amfani da shi ke cikawa da kansu, da kuma kasuwa inda mai saye da mai sayarwa ke haɗuwa. Rajista kyauta ce.

A ɓangaren bayanai ba ni da abin cewa sai yabo. Tsakanin ƙarshen waƙa da takardar da ke tsakiyar faifai akwai wani fili mai santsi, wanda idan aka karkata shi ga hasken fitila za a ga lambobi da haruffa da aka zana tun a masana'anta. Da waɗannan lambobi ne dandalin ya nuna mini cewa wasu daga cikin fayafayan mahaifinmu bugun asali ne na EMI ta Najeriya da na Afrodisia, tambarin kamfanin Decca a Afirka ta Yamma, ba maimaicin da ake bugawa a Turai yanzu ba, kuma bambancin kuɗin da ke tsakanin bugun biyu ba kaɗan ba ne. Yana kuma nuna mafi ƙarancin farashin da aka sayar da bugu a cinikin baya-bayan nan, da matsakaici, da mafi tsada, abin da ke kare mutum daga dillalin da zai taya masa dukiya da kuɗin goro. Bayanan makaɗan Hausa dai ba su kai na mawaƙan Legas cika ba, sai dai wannan laifinmu ne, tunda abin da aka shigar shi ake samu.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne awon lafiyar faifai. Discogs na bin ma'aunin da mujallar Goldmine ta Amurka ta yaɗa, wanda ya faro daga M, wato faifan da babu aibu ko ɗaya a jikinsa, ya gangaro zuwa NM (kusan babu aibu), VG+, VG (“mai kyau ƙwarai”), G+, G, F, har P, wanda ya riga ya tashi daga aiki. Ana auna faifai daban, kwalinsa daban. Sunayen kansu suna da yaudara ga baƙo, domin G a Turance “mai kyau” take nufi, alhali faifan da ke wannan mataki ƙaras-ƙaras ɗinsa na tafiya kafaɗa da kafaɗa da kiɗan daga farko har ƙarshe. A lissafin Goldmine, VG+ na kai kusan rabin kuɗin NM, VG kuwa kusan rubu'i, saboda haka wannan 'yar alamar tarawa kaɗai na iya ninka farashi.

Kamfanin ba ya ganin faifan da ake ciniki a kansa. Mai kaya ne ke auna kayansa, kuma kowa ya san mai tuwo ba ya kushe miyarsa. Da yawa da ido kawai suke awo, ba sa ɗora allura su saurara. Na taɓa sayen wani faifai daga wani ɗan kasuwa a Turai wanda ya rubuta masa VG+, ya iso yana ƙyalli, amma da na kunna shi sai muryar mawaƙin ta riƙa dishewa duk inda ya ɗaga ta, alamar tsohuwar allura mai nauyi ta riga ta cinye ramukan sautin. Ido ba ya ganin irin wannan lahani. A ɗaya gefen kuma, cikin akwatinmu akwai faifan da ya sha ƙurar hunturu, gara ta ci gefen kwalinsa, duk jikinsa ƙananan karce, amma da na wanke shi da ruwa mai tsabta ya bushe, sautinsa ya fito garau. Gwajin da na fi yarda da shi kafin kunnawa shi ne in bi karcen da farce a hankali: in farce ya maƙale, allura ma za ta yi ƙara a wurin.

Ga mai saye daga Kano ko Maraɗi, kuɗin aikowa kan zarce kuɗin faifan kansa, kuma kayan da ya daɗe cikin zafi a hanya na iya kantarewa ya ƙi kwanciya a kan garmaho. Shi ya sa yanzu ba na biyan kuɗi sai na karanta shaidar da masu saye na baya suka bari a kan ɗan kasuwar, na tambaye shi ko ya saurari faifan gaba da baya, sannan na roƙe shi ya fitar da shi daga kwalinsa kafin ya naɗe, don kada gefensa ya tsaga kwalin a hanya.