Fiyus ko bureka: wanne ya kamata ka saya?

Kafin ka zaɓi ɗaya daga cikinsu, ka san abin da suke karewa. Fiyus da bureka wayar da ke cikin bango suke tsarewa, don kada ta yi zafi ta narkar da robarta har gobara ta tashi. Duk sauran lissafin daga nan yake farawa.

Fiyus shi ne babba a shekaru, Thomas Edison ya yi masa rajista tun 1890. Siririn ƙarfe ne da aka auna kaurinsa, da zarar wutar da ke bi ta cikinsa ta wuce ƙima sai ya narke, hanya ta yanke. Ba shi da abin da ke motsi balle ya cije, kuma irin wanda ake cika wa yashi a ciki yana iya yanke wuta mai ƙarfin gaske cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa har gobe ake amfani da shi a mota, a kusa da batir, da cikin na'urori. Aibinsa ɗaya ne: in ya ƙone ya gama aiki, sai an sa sabo.

A nan ne mutane ke jefa kansu cikin haɗari. Na taɓa buɗe wani akwatin wuta na tarar an naɗe mazaunin fiyus da wayar tagulla mai kauri, gefen ya yi baƙi ƙirin, warin ƙonanniyar roba na tashi. Mai gidan yana murna wuta ta daina ɗaukewa, alhali ba abin da zai yanke ta sai wayar bangon kanta ta kama.

Bureka ƙarama irin ta gida, wadda ake rubuta wa MCB, ta samo asali ne daga aikin Hugo Stotz a Jamus, wanda ya samu rajistarta a 1924. Masu gadi biyu ne a cikinta. Akwai ƙarafa biyu da aka manne, in kaya suka yi wa layi yawa sai su yi zafi su lanƙwashe a hankali har su saki makunnin. Akwai kuma naɗin waya mai maganaɗisu, wanda ke fizge makunnin nan take in wayoyi suka haɗu. Ka gyara matsalar, ka ɗaga ta, shi ke nan. Don wayarin gida, ni bureka nake ba da shawara, ko don ta rage wa mutum sha'awar yin dabara irin ta mai gidan can.

Sai dai ka karanta rubutun da ke fuskarta. In ka ga C16, lambar na nufin amfiya 16 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), kuma dole ta dace da kaurin waya. Wayar 1.5mm² ta fitilu ana yawan haɗa ta da amfiya 6 ko 10, ta 2.5mm² ta soket da 16 ko 20. Wanda burekarsa ke yawan faɗuwa ya je ya sayo mai 32 ya ɗora a kan siririyar waya, ya kashe maganin ne ya bar cutar. Harafin kuma yana nuna yadda take jure fizgar farko: B na faɗuwa nan take a ninki 3 zuwa 5 na lambarta, C a ninki 5 zuwa 10, D a 10 zuwa 20. Injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki suna zuƙar wuta da yawa lokacin tashi, don haka C ta fi dacewa da su. Lambar da ke cikin ɗan akwatin da aka zana a fuskarta, 6000 ko 10000, ita ce iyakar amfiyar wutar da za ta iya yankewa ba tare da ta tarwatse ba.

Masu sola su kula: wutar batir da ta faranti ba ta juyawa kamar ta layi, tartsatsinta yana da wuyar mutuwa. Sai fiyus ko bureka da aka rubuta wa DC, wato alamar irin wannan wutar.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake zaton bureka na hana wuta jan mutum. Wutar da ba ta kai amfiya ɗaya ba tana iya tsayar da zuciya, bureka mai 16 kuwa ko motsi ba za ta yi ba. Wannan aikin wata na'ura ce mai suna RCD, wadda ke gwada wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga giɓin miliamfiya 30 ta yanke (miliamfiya dubu ke yin amfiya ɗaya). Wadda ake kira RCBO kuma ta haɗa aikin bureka da na RCD a jiki ɗaya, kuma layin da ya samu matsala kaɗai take kashewa. In kuɗinka ba zai kai ko'ina ba, fara da banɗaki, kicin da soket na waje, ka bar ƙwararren mai wayarin ya ɗaura, kai kuma ka riƙa danna maɓallin gwajin da ke jikinta lokaci-lokaci ka ga ko tana faɗuwa.